Firik Ba Alkama Ba Ne

Shekara huɗu ke nan da Gaber ya shiga teku bai fito ba, amma har yau a ƙauyen Nazla babu wanda ya daina kiran ubansa Abu Gaber. Haka ake yi. Sunan ɗan fari mutum yake ɗauka, ko ɗan yana duniya ko ba ya nan. Sunansa na yanka Shahhat. Abin da ya mallaka fadan ɗaya da rabi na gona, kamar eka ɗaya da rabi, a bakin magudanar ruwa, da jaki, da baunar tatsa guda ta tarayya, da ɗa namiji ɗaya da ya rage masa, Rifa'i.

Rifa'i ya ba ashirin baya da shekara huɗu. Ya gama aikin soja, ya yi leburanci a Minya har ginin ya tsaya, ya dawo gida ya zauna. Tun lokacin sanyi, wata safiya suna cin gurasa da cuku mai gishiri, ya faɗi abin da ke ransa ba kwana-kwana.

"Baba, akwai mota zuwa Matruh bayan girbi. Daga can a tsallaka Libiya, sai jirgin ruwa. Na ba da sunana."

Uwarsa Sabriyya ta ajiye butar shayi, ta fita wajen bauna.

Shahhat ya ce, "Hanyar da yayanka ya bi."

"Shi bai yi sa'a ba."

"Kai kuma kifi ne kawunka?"

"To in zauna in yi me, Baba? In riƙa kore wa bauna ƙuda?"

A lokacin Hosni, ɗan gwaggon Rifa'i, yana neman wanda zai sayi rabin adaidaitarsa, su riƙa karɓa-karɓa, wannan safe wannan yamma. Rifa'i ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta. Shahhat ya ɗauki gurasar da ke gabansa ya ɗora a goshi, ya ce, "Na rantse da wannan abinci, in alkama ta shigo rabin adaidaitar nan naka ne. In na kasa, ni da ƙafata zan raka ka mota."

Rifa'i ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce, "Na ji. Zan jira alkama."

Alkama kuwa ta yi kyau a shekarar, kyan da Shahhat bai taɓa gani ba tun da ya gaji gonar. Zangarniya kamar yatsan ƙato. In ya tsaya a kan kunya da safe yana kallonta, adaidaita yake gani tana tafiya. Ga shi duniya ta rikice, jiragen hatsi sun daina zuwa daga waje, farashi ya tashi sama. Fatake suna shiga ƙauyuka suna taya ardabi ɗaya, wato babban buhu, fam dubu ɗaya da ɗari biyar tun tana tsaye a gona.

Sai doka ta sauko. Ba mai sayen alkama bana sai hukuma, ba mai sa mata kuɗi sai hukuma: fam ɗari tara ardabi, shi ma in ta fita tas. Kowane fadan sai an kai ardabi goma sha biyu rumbun gwamnati. Abin da ya yi saura ka ci a gidanka, amma in ka ɗora shi a mota ba takarda, an kama. Wanda bai cika nasa kason ba, ba takin zamani a masarar bazara, ga tara, wasu ma suna cewa har da gidan yari. Akawun ƙungiyar manoma, Ustaz Magdi, ya zo da igiyar awo ya zagaye gonar, ya rubuta wa Shahhat ardabi goma sha takwas, ya sha shayi kofi biyu, ya tafi.

Shahhat bai yi makaranta ba, amma wannan lissafin ba ya neman makaranta. A farashin fatake, adaidaita ta samu har da canji. A farashin hukuma, ko ƙafa biyu cikin ukun ba za su samu ba.

Ya tafi wurin mai shayi yana huci. A can ya tarar da maƙwabcinsa na gona, Ammu Tawadros, tsoho Kirista wanda suke tarayya a kan baunar nan, rabi nasa rabi na Shahhat.

"Ni na yi huɗa, ni na yi ban ruwa har ƙafata ta rube, sai wani mai farar riga a Alƙahira ya ce ga kuɗinta! Ko lauje ya taɓa riƙewa?"

Ammu Tawadros ya ce, "Zauna, Abu Gaber, kada ka ɓare mana shayi. Kai ka manta shekarar da aka sakar mana kasuwa? Ni ban manta ba. Fataken nan da kake yi wa kallon waliyyai, ranar girbi suka haɗa baki, suka ce alkamar waje ta fi arha. Na sayar da tawa a kuɗin dusa. Hukuma ko ba komai ba ta sauka ƙasa da abin da ta faɗa."

"Ba ta sauka, ba ta kuma hawa! Shekarar da kasuwa ta faɗi, a kaina ta faɗi. Bana da ta tashi, an ce ba tawa ba ce. To yaushe ce tawa?"

"Gurasar da kake saya a kwabo biyar fa, da wace alkama ake yin ta?"

"Ni gurasa nake nema? Ɗana nake nema, Ammu."

Tsohon ya tura masa kofin shayinsa.

Wasu sun gwada fitar da ita a ɓoye. Wani mutumin ƙauyen gaba ya jera buhuna ƙarƙashin albasa, aka tsayar da shi a shingen gada, aka kwashe alkama, aka riƙe mota, aka tafi da ɗansa da yake tuƙi. Da Shahhat ya ji an tafi da ɗan, sai ya cire wannan daga ransa.

Sabriyya ce ta kawo dabara. Ranar Asabar da hantsi ta biyo shi gona da abinci, ta tsinki zangarniya ɗaya, ta murje a tafin hannu, ta hure, ta jefa ƙwayar a baki. Ta tauna a hankali. Ta ɗauki wata ta danna da farce. Nono bai fito ba, amma ƙwayar ta lotsa kamar ƙullu, kore shar.

"Abu Gaber, dokar tasu me ta ce?"

"Alkama."

"To firik ba alkama ba ne."

Ya tsaya da gurasa a hannu. Firik dai tumun alkama ne: a yanke ta ɗanya, ta sha rana yini ɗaya, a tara a cinna wuta, kara da ƙaiƙayi su ƙone, ƙwayar kuwa saboda ruwan da ke jikinta ba ta ƙonewa, sai dai ta gasu ta ɗauki ƙanshin hayaƙi. A murje, a sheƙe, a shanya. Kowane gida yana yin ɗan kaɗan na cusa wa tantabara in an yi baƙo. Amma a kasuwar Minya da kilo ake sayar da shi, kilon ya ninka na alkama uku, kuma ba ɗan sandan da ya taɓa buɗe kwandon mace a motar haya don neman firik.

Ta ce, "Fadan ɗaya ya isa ya cika musu sha takwas ɗinsu, yadda ta yi kyau ɗin nan. Rabin fadan mu ƙona. Ni da ƙannenka mu riƙa kaiwa kwando-kwando. Amma yau za a yanka, ko gobe da asuba. Kwananta uku ne kawai a haka, ka sani."

Rifa'i da ke gyara bakin magudana ya ji, ya yar da fartanya ya taho. "Wallahi Umma ta fi ministan gona kai. Baba, in ɗauko lauje?"

Shahhat ya dubi gonar. Ya tuna igiyar Ustaz Magdi da littafinsa. Ya tuna yaron da aka tafi da shi a gada. Shi duk abin da aka rubuta a takarda tsoronsa yake ji, don ba ya iya karanta ta balle ya yi musu da ita. In aka zo aka ga rabin fadan ƙwal, aka ce ya ɓoye hatsin gwamnati fa? In aka ce wa ya yanka, aka nuna Rifa'i fa?

"Ba mai sa lauje sai na tambayo."

Sabriyya ta ce, "Ka tambayo wa? Uwarka da take yin firik wa take tambaya?"

"Lokacin uwata ba a auna mana gona da igiya. Gobe da safe in je in dawo, awa biyu ne."

"Abu Gaber, wanda ya tambaya shi ake hanawa."

"Na ce ba mai taɓa ta! Duk wanda ya sa mata lauje kafin in dawo da magana, ban yafe ba."

Ranar Lahadi ya hau jaki ya tafi ofishin ƙungiya. Ƙofa a kulle. Mai gadi ya ce surukin Ustaz Magdi ya rasu, ya tafi zaman makoki, sai gobe. Ya dawo. Sabriyya ta tare shi a ƙofa, ta ga fuskarsa, ta koma ciki.

Ranar Litinin ya same shi. Ustaz Magdi ya saurara yana kaɗa biro a tebur.

"Firik? Kai Abu Gaber, kana son ka ja mini. Ni awo nake yi in rubuta. Wannan maganar injiniyan gona ce, shi kuma sai Talata yake zuwa."

"Ustaz, Allah ya ja da ranka, kalma ɗaya ce. E ko a'a."

"In na ce e, gobe ka ce Magdi ne ya ce. In na ce a'a, ka ce Magdi ya hana ka abincinka. Ka zo gobe."

Yana fitowa daga ofishin ya ji iska ta sauya. Daga kudu take tahowa, da zafi kamar an buɗe bakin tanda. Hamsin ce, iskar da ke busar da amfanin gona. Jakin ma sunkuyar da kai ya yi. Ya wuce ta gona, ya ga alkama tana kaɗawa, ya ce a ransa ai yini ɗaya ba zai yi mata komai ba. Da ya isa gida Rifa'i yana zaune a dakali da lauje biyu a gabansa, ya wasa su har suna ƙyalli.

"Baba, iskar nan fa."

"Na gan ta, ba makaho ba ne ni."

"Ka janye maganar rashin yafewar nan, mu yanka yanzu. In an zo ka ce ni ne."

"Don kada a ce kai ne nake wannan yawon, sakarai!"

Ranar Talata tun kafin a buɗe ofis yana tsugune a ƙofa. Injiniyan bai zo ba sai bayan azahar, yaro ne sa'an Rifa'i, da tabarau. Ya ji tambayar, ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge ido.

"Baba, firik kuma? Wa ya hana ka? Ba inda aka rubuta shi. Ka ƙona, ka soya, ka yi kunu da ita in ka ga dama, mu dai ka cika mana sha takwas ɗinmu. Wannan ne ya sa kake ta zarya kwana uku?"

Shahhat bai tsaya godiya ba. Ya doki jaki har gona. Ya tarar da su can, uwa da ɗa, suna zaune a kan kunya a cikin zafin nan suna jiransa. Tun daga nesa yake ɗaga hannu.

"An yarda! Ku yanka! An ce ba komai!"

Ba wanda ya motsa. Sabriyya ta miƙa hannu ta tsinki zangarniya, ta murje, ta hure, ta ba shi ƙwayar. Ya sa a baki ya ciza. Ƙaras. Har cikin kunnensa ya ji ƙarar.

Ta ce, "Ta wuce."

"Ba ta wuce ba."

"Ka ji da haƙorinka."

"Wannan ta gefe ce, rana ta fi dukanta. Shiga ciki!"

Suka shiga ciki. Duk inda ta tsinka, ƙaras. Sai can bakin magudana, inda inuwar itatuwa take faɗawa, akwai wani ɗan siririn layi da bai fi taku huɗu a faɗi ba, shi ne kawai ya rage da ɗanyensa.

Sabriyya ta ce, "Wannan kaɗai za ta yi. Sauran ka bar ta ta ƙarasa, alkama ce, ba ta ɓaci ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani. Amma ya dubi Rifa'i, ya ga yaron ba gonar yake kallo ba, titin mota yake kallo. Ya juya ga Sabriyya.

"Rabin fadan na ce, rabin fadan za a yanka. In mun yayyafa mata ruwa kafin wuta, za ta yi."

"Abu Gaber, ruwan ciki ake nema, ba na waje ba."

"Miƙo lauje!"

Suka yanka. Ƙannensa mata biyu suka zo suka taya, Ammu Tawadros ma ya turo jikokinsa. Kafin la'asar ɗin Laraba rabin fadan yana kwance dami-dami a fili. Suka fara da na bakin magudana. Wuta ta ci kara, ta yi hayaƙi fari mai kauri, ta lafa da kanta. Sabriyya ta juya da sanda, zangarniyoyi suka fito baƙi a waje, ta murje ɗaya, ga ƙwaya kore tana ƙanshi. Shahhat ya ce, "Kun gani? Kun gani?"

Ya jawo dami goma na busasshiyar, ya kwara musu ruwa da bokiti, ya cinna.

Wannan ba ta yi farin hayaƙi ba. Ta ɗan yi shuu, ruwan ya tashi, sai wuta ta yi sama da ƙara kamar an zuba kananzir. Ƙwaya ta riƙa fashewa tas-tas-tas. Sabriyya ta yi ihu a janye sauran. Kafin su kai hannu iska ta ɗauki wuta ta ajiye a kan tulin da ke kusa, daga shi ta haye na gaba. Shahhat ya cire rigarsa yana duka, Rifa'i yana jan dami da hannu yana jefawa a magudana, mata suna kwarar ruwa. Da ƙyar suka tare ta ba ta shiga ta tsaye ba. Da komai ya lafa, rabin fadan ya zama baƙin fili. Shahhat ya durƙusa ya ɗebi toka. Ƙwayoyin suna nan da siffarsu, amma yana matsawa suka zama gawayi a hannunsa.

Ba wanda ya ce masa ai an faɗa maka. Da ma sun faɗa, da ya samu wanda zai yi wa faɗa.

Firik ɗin da ya yi kyau, da aka murje aka sheƙe, buhu ɗaya ne bai cika ba.

Bayan kwana goma suka girbe fadan ɗin da ya rage, aka sussuke. Ya yi layi yini biyu a ƙofar rumbun gwamnati. Mai duba hatsi ya soka ƙarfe a buhu, ya zuba a tafi, ya shinshina, ya ce tana warin hayaƙi, ya sa ta a aji na ƙasa. Sha takwas ɗin sun cika, da ɗan abin da ba zai kai su sanyi ba. Aka ba shi takarda ya dangwala yatsa, aka ba shi kuɗinsa.

Ya wuce gidan Hosni kai tsaye, ya zube kuɗin a tabarma. Hosni ya duba, ya sunkuyar da kai.

"Kawu, wallahi da da hali. Kayan gyara sun ninka, ga wani ɗan Mallawi yana jira da kuɗinsa cif a hannu."

"Ka ba ni zuwa masara."

"Ba zan kai masara ba, Kawu. Injin ya kusa tsayawa."

Da ya dawo gida ya ce zai sayar da rabinsa na bauna. Sabriyya ta ce a sayar. Ammu Tawadros ya ce in ta kama a haɗa da nasa rabin, a biya shi duk ranar da Allah ya hore. Rifa'i ne ya ƙi.

"Ku sayar da bauna ku ci me? Alkamar gida ta ƙone, nonon nan da cukun nan su ne abincinku har baɗi. In hau adaidaita in riƙa wuce ku kuna jin yunwa? Baba, ka yi iyakar yinka, na gani da idona. Yanzu saura ɗaya rantsuwar."

Kuɗin bai isa adaidaita ba. Ya isa teku.

Ranar Alhamis da hantsi motar Matruh ta tsaya a bakin titi, ƙarƙashin itacen da ake jiran mota. Sabriyya ba ta fito ba. Ta dai ƙulle firik a ƙyalle ta cusa a jakar, ta koma wajen bauna. Shahhat ne ya ɗauki jakar a kafaɗa, ya hana ɗan ya karɓa, suka bi kunya suka wuce ta gefen baƙin filin nan ba wanda ya waiwaya. Samari bakwai ne a motar, uku ya san iyayensu.

Ya ciro kuɗin rumbu daga aljihun ciki, yadda aka ba shi da robarsa, ya danƙa masa.

"Ka ba su a sa ka a jirgi mai kyau. Kada ka yarda a sa ka a ƙasa wajen inji."

"To, Baba."

Direba ya leƙo ya ce, "Abu Gaber, a yi haƙuri, rana tana yi."

Rifa'i ya sunkuya zai sumbaci hannunsa. Shahhat ya riƙe masa wuyan riga da hannu biyu, hannun da har yanzu ƙunar ba ta warke ba, ya jawo shi kusa.

"In ka isa bakin ruwan, kafin ka sa ƙafa, ka faɗa wa ruwan kai ɗan Abu Gaber ne na Nazla. Ya san sunan. Ka ce masa gidanmu mun riga mun kai namu kason, a cike."

Ya sake shi. Motar ta tashi.